Jan Ƙarfen Gobir da Matsalar Sake Zubin Kayan Tarihi

Ɗaya daga cikin wurare na farko da sunan Gobir ya fito a rubuce, a cikin zancen jan ƙarfe ya fito. A shekarar 1353 Ibn Battuta, mutumin Tanja, ya sauka a Takedda a kan hanyarsa ta komawa gida daga Mali. Ya ba da labari cewa a bayan garin a ke haƙo jan ƙarfe, a kawo shi cikin gidaje, bayi da kuyangi su narka shi, su zuba shi sanda sanda, tsawon kowace kamar taƙi ɗaya da rabi, waɗansu masu kauri, waɗansu sirara. Masu kaurin a kan ba da 400 a miskalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Su ne kuɗin garin. Da sirara a ke sayen nama da itacen wuta, da masu kauri a ke sayen hatsi da man shanu da bayi. Sa'an nan ya ce daga nan a ke ɗaukar ƙarfen a kai shi Kubar da Zagai da Barno. Galibin malaman tarihi sun yarda Kubar ɗin nan Gobir ce.

Na fara da wannan ne sabo da wata tambaya da ta ke tasowa duk sa'ad da a ka so a sake yin wani abu na kayan da. A ce wata fada ko wani gidan tarihi na son a zuba masa munduwa ko likkafa irin ta zamanin Alkalawa, domin ta asalin ta tsufa, ko tana hannun wani gida dabam, ko kuwa ana jin tsoron fito da ita bainar jama'a. Maƙeri ya karɓi aiki, ya tafi kasuwa ya sayo tsohon famfo da makullan ƙofa, ya narka, ya zuba, ya goge, abu ya fito yana walƙiya, kowa ya yaba. To, abin da ya fito ɗin nan, kayan Gobir ne a ka maimaita, ko kuwa siffarsu kaɗai a ka ara? In kuma shekara hamsin ta wuce, waɗanda su ka san labarin sun ƙare, wa zai rarrabe shi da na asali? Tambayar ta fi ƙarfi a ƙasar Isa da Sabon Birni, domin tarihin wurin ya warwatsa kayan sarauta ƙwarai.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Gobir ɗin da Ibn Battuta ya ji labari ba a bakin Gulbin Rima ta ke ba tukuna, tana can arewa, wajen Azbin. Sannu a hankali Gobirawa su ka yi ta gangarowa kudu, su ka zauna Birnin Lalle, har a tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Birnin Zamfara ya kafa Alkalawa. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, a nan kuma Yunfa ya rasu sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo su ka ci birnin a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya, a rabi na biyu na ƙarnin, wani reshe na gidan ya kafa Sabon Birni, ba nisa da kufan Alkalawa. Isa kuwa ribaɗi ce ta Sakkwato, sarautar Sarkin Gobir ta can tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ƙasar da birninta ya ƙone, sarautarta ta rabu gida gida, sa'an nan iyakar Ingilishi da Faransa ta ratsa tsakiyarta, ba abin mamaki ba ne in kayanta sun zama ɗaya a nan ɗaya a can. A kan wannan kuma sai ga fitinar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan Isa da Sabon Birni, musamman a 2021, ta tashi mutane da yawa daga gidajensu. Wanda ya gudu da rai, ba kasafai ya kan tsaya neman tasar kakarsa ba.

Kafin a yi zancen zaɓen ƙarfe, dole a gyara kalmomi, domin Hausa ta haɗa abubuwa biyu a suna ɗaya. Jan ƙarfe shi ne uwa, wanda ba a gauraya shi da kome ba. In an haɗa shi da tutiya sai ya yi fatsi-fatsi kamar zinariya, in kuwa da kuza a ka haɗa shi sai ya yi duhu kaɗan, ya yi tauri, ya yi amo in an buga. Duka biyun tagulla mu ke ce musu, Turawa kuwa kowanne da sunansa. A cikin wannan takarda zan ce tagullar tutiya da tagullar kuza. Haka nan kalmar dalma tana da ruɗani. Yanzu mun fi saninta da ƙarfen nan mai nauyi mai laushi, amma garin Liruwen Dalma na ƙasar Bauchi ya yi suna ne da narkar kuza. Sabo da haka in tsoho ya ce kakansa ya kan sa dalma a zubi, sai a tambaye shi wace iri, kada a rubuta a wuce.

Ƙarfen da ya shigo hannun Gobirawa ba iri ɗaya ba ne, ya bi zamani. Na fari shi ne na Azbin. Masu binciken kufai, Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, sun yi aiki a Azelik, yamma maso arewa da Agadas, a shekarun 1970, kuma yawancin masana sun karɓa cewa nan ce Takedda. Jan ƙarfen wurin ɗigo ɗigo ya ke a cikin dutse, a daka dutsen, a tsince, a narka. Danilo Grébénart ya nuna cewa an san narkar jan ƙarfe a wannan yanki tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. Abin da ya fi shafarmu shi ne Marandet, kudu da Agadas, inda Henri Lhote ya tarar da 'yan ƙananan tukwanen narka ƙarfe fiye da 40,000 jibge a wuri ɗaya, na zamanin da ya gabaci ƙarni na 11. Yakubi, marubucin ƙarni na 9, ya ambaci wata ƙasa mai suna Maranda, kuma Djibo Hamani, malamin tarihi na Nijar, ya danganta ta da kakannin Gobirawa. In wannan ra'ayi ya tabbata, to, Gobirawa sun san bakin tukunyar narki shekaru ɗaruruwa kafin Ibn Battuta ya ji sunansu.

Na biyu shi ne tagullar da ta ƙetaro hamada. Hujja mafi kyau a kanta wani ayari ne da ya zubar da kayansa a Ma'adin Ijafen, cikin rairayin Muritaniya, wajen ƙarni na 11 ko na 12. A 1964 Théodore Monod ya kai wurin, ya tarar da sandunan tagulla 2,085 ɗaure dami dami, tare da wuri. Da a ka auna, tutiyar da ke ciki wajen kashi 20 cikin 100 ce. Kusa da gida kuma akwai kushewun Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda Palmer ya fara tonawa a 1907, a ka sake tono a 1992. An sami mundaye da sandunan ƙarfe da wata tasa irin ta gabas, na wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, a ka kai su Mainz ta ƙasar Jamus a ka gyara. Katsina maƙwabciyar Gobir ce, abokiyar yaƙi da ciniki, abin da ya iso fadar ɗaya da wuya ya kasa isa ta ɗayar.

Wannan hanya ba ta mutu da wuri ba. Sa'ad da Barth, wanda a ka sani da Abdulkarimu, ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kowace shekara a kan kawo kamar kaya 50 na tsohon jan ƙarfe daga Tarabulus, da kamar kaya 20 na tutiya, ban da wanda fataken Wadai ke kawowa daga mahaƙar Hufra, kudu da Darfur. A lura da tutiyar nan. Zuwanta ita kaɗai yana nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 19 maƙerin fari na ƙasar Hausa yana iya haɗa tagullarsa da kansa, ya ƙara ko ya rage yadda ya ga dama. A lura kuma da kalmar tsoho. Tun a wancan zamani ƙarfen da a ke zubi da shi ya riga ya yi rayuwa a wata siffa, tukunya ce ko tasa a wani gari, kafin ya zama munduwa a nan. Wanda ke neman gauraye guda ɗaya tak da zai kira na Gobir, yana neman abin da bai taɓa kasancewa ba.

Na uku shi ne na zamanin Turawa da bayansa: kwanson harsashi, da wayar lantarki, da famfo, da tsabar kuɗi. Kuɗin ma kansu suna da amfani ga mai bincike. Sulen Afirka ta Yamma azurfa ne daga 1913, a 1920 a ka mai da shi tagulla, daga 1938 kuma a ka sa masa nikel. Kwabo mai huda kuwa haɗin jan ƙarfe da nikel ne har 1952, sa'an nan a ka koma tagulla. Zoben da a ka ce na zamanin Bawa ne, in awo ya nuna haɗinsa ya yi daidai da na sulen 1938, to, magana ta ƙare.

Yanzu sai mu duba abin da ya sa awo ke iya tona asiri. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085, tutiya kuwa tana tafasa ta zama hayaƙi tun a 907. Sabo da haka mutanen da, a Turai da ƙasashen Larabawa, ba su iya tace tutiya ita kaɗai ba. Abin da su ke yi shi ne su haɗa gutsattsarin jan ƙarfe da ƙasar tutiya da gawayi a tukunya, su rufe, su hura wuta, hayaƙin tutiyar ya shiga jikin ƙarfen. Ta wannan hanya da ƙyar tutiya ta ke wuce kashi 28 cikin 100, daga baya da a ka ƙware ta kai wajen 33. Mutanen Indiya sun riga kowa tace ta da yawa, a Zawar, amma a Ingila sai a 1738 William Champion ya yi rajistar dabararsa a Bristol, kuma tagulla mai kashi 40 ta yawaita ne bayan 1832. Haka nan jan ƙarfen da yana ɗauke da ɗan datti na azurfa da arsanik da makamantansu, wanda ya bambanta daga mahaƙa zuwa mahaƙa, na wayar lantarki kuwa an tace shi sarai. Goran-ruwa, watau alminiyam, bai yi araha ba sai bayan 1886, ganinsa a cikin tagulla shaidar sabon zubi ne. Da irin wannan awo ne a 2023 Tobias Skowronek da abokan aikinsa su ka nuna cewa yawancin tagullar Bini ta fito daga mundayen da Fotugis su ka kawo, waɗanda a ka yi da ƙarfen yankin kogin Rhine. Kayan Igbo-Ukwu kuwa, da Thurstan Shaw ya tono a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964, tagullar kuza ce mai dalma. Ga ƙasa ɗaya, ga ƙarfe iri biyu, ido kuma ba ya rarrabewa in tsatsa ta rufe.

Maƙeri ba ruwansa da waɗannan lissafai, amma hannunsa ya san abin da su ke nufi. Aikin tagulla kashi biyu ne, zubi da ƙira, kuma ƙarfen da ya dace da ɗaya ya kan ɓata ɗayan. Jan ƙarfe tsantsa ba ya son zubi: yana shan iska in ya narke, ba ya gudu sosai, ya kan fito da ƙuraje da 'yan ramuka. Wannan ne ya sa a ke jinjina wa mutanen Ife da su ka zuba fuskar Obalufon da shi. In an sa tutiya ko kuza, zafin da a ke bukata ya ragu, in an ƙara 'yar dalma sai ruwan ƙarfen ya bi kowane lungu. To, amma dalmar nan ita ce abokiyar gabar masaba. Tasa da shantali da kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa ne ya fara shi, duk bugu a ke yi, ana shimfiɗa ƙarfe har ya yi fallen da a ke so. Tagullar famfo mai dalma, in an matsa mata da bugu, tsagewa ta ke yi. Abin da ya dace da wannan aiki shi ne irin ta kwanson harsashi, kashi 70 jan ƙarfe, 30 tutiya. Ita ma tana taurara da bugu, sai a mai da ita wuta ta yi ja kaɗan, a tsoma a ruwa, ta yi laushi, a ci gaba. A nan ne ɗan maƙerin baƙi ya kan ruɗe, domin shi a wurinsa tsoma jan wuta a ruwa taurara ƙarfe ya ke yi.

Zubin da kansa na kakin zuma ne. A gina siffar abin da kaki, a shafe ta da lallausan yumɓu, a bari ya sha iska, a ƙara wani mai kauri wanda a ka kwaɓa da kashin jaki don kada ya fashe, a bar 'yar kafa. In ya bushe a inuwa sai a gasa, kakin ya narke ya fita, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Gawayin ƙirya a ke so, sabo da yana riƙe wuta. Ba a barin tagulla ta daɗe a tafashe, domin farin hayaƙin da ke tashi tutiya ce ke gudu, yana canza launin ƙarfen, yana kuma sa wa mai zugar zazzaɓi. In ya huce sai a fasa yumɓun, a bi da magagari, a wanke da ruwan tsamiya. Tun da an fasa gidan, ba a samun biyu iri ɗaya. Zubin rairayi kuwa, irin na masu tukwanen goran-ruwa, ana danna abu ne a tsakanin akwati biyu, sabo da haka ya kan bar ɗinki a gefe. Har wa yau duk kwafin da a ka ɗauka daga jikin na asali ya kan fito ƙarami kaɗan, wajen kashi ɗaya da rabi cikin 100, domin ƙarfe yana tsukewa in ya huce.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan alamu ba su yaudara. Kan Olokun na Ife ya ishe mu misali. Frobenius ya same shi a 1910, ya so ya tafi da shi, hukumar Ingilishi ta tilasta masa ya mayar. A 1948 a ka kai shi London, William Fagg da Leon Underwood su ka duba su ka ce wannan kwafi ne na zubin rairayi, na asalin ya ɓace. Shekara sittin ana koyar da haka. A 2010 a ka sake auna shi da na'urorin zamani, Paul Craddock da abokan aikinsa su ka ce a'a, zubin kaki ne, kuma bisa dukan alamu shi ne wanda Frobenius ya gani. In manyan masana sun yi wannan kai da kawowa a kan abin da duniya ta sa wa ido, ina ga munduwa guda a ɗakin wata tsohuwa a Sabon Birni?

A kan zaɓen ƙarfe ra'ayi biyu ne. Waɗansu sun ce a bi na da sau da ƙafa: a auna na asalin, a haɗa irinsa, a zuba da kaki da gawayi, domin ta haka kaɗai za a san nauyin abin, da launinsa, da amonsa, da kuma wahalar da mai yinsa ya sha. Waɗansu kuwa sun ce da gangan a yi da ƙarfen zamani, kamar tagulla mai silikon, don ko bayan shekara ɗari awo ɗaya ya tona shi. Ni na fi karkata ga na farko, musamman in don koyarwa ne a kwalejin horon malamai, inda a ke so ɗalibi ya ɗaga likkafa ya ji abin da ƙafar barde ta ji. Kakakin da a ka yi da gwangwani ba ya faɗa mana yadda na tagulla ke kuka. Amma masu ra'ayi na biyu suna da gaskiya a kan haɗarin, domin kwafi mai kyau shi ya fi saurin zama jabu in ya canza hannu, ko da wanda ya yi shi bai nufi ha'inci ba. Akwai gwajin wata irin dalma, mai lamba 210, wadda rabinta ke ƙarewa duk shekara 22, tana nuna ƙarfen da a ka tace cikin shekaru ɗari da su ka wuce. Amma in da tsohuwar tasa a ka yi sabon zubi, gwajin ba zai ce kome ba, kuma ba kowane gidan tarihi ke da halin aika kaya a auna ba.

Abu ɗaya da na ke ƙi ƙwarai shi ne tsufar da kwafi da gangan, a binne shi a ƙasa mai gishiri ko a shafa masa ruwan batir don ya yi kore. Ban da yaudarar ido, gishirin nan yana haifar da wata cuta ta tagulla, kore mai gari gari, wadda ke cin ƙarfe daga ciki, ba ta tsayawa muddin akwai laima. Na biyunsa shi ne narka tsohon abu don a zuba sabo a siffarsa, al'adar da maƙera su ka gada tun zamanin da ƙarfe ke da tsada. A wurinsu gyara ne, amma shaidar da ke cikin na farin ta tafi ke nan har abada.

Dokar kayan tarihi ta Nijeriya ta fara ne a 1953, ta 1979 kuma ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan da ba da izni ba. Doka tana tsare na asali, rubutu ne ke tsare kwafi. Abin da na ke ba da shawara ga fada ko makarantar da ta sa a yi mata irin wannan aiki shi ne a rubuta shekara da sunan garin maƙerin a jikin kakin tun kafin a rufe shi da yumɓu, ta yadda rubutun zai fito cikin ƙarfen, magagari ba zai shafe shi ba sai ya bar tabo. Sa'an nan a yanki ɗan guntu daga bakin zubin a ajiye tare da takarda mai faɗin inda a ka sayo ƙarfen, da abin da a ka gauraya, da nauyin na asali da na kwafin, da gidan da na asalin ya ke. A yi takardar biyu, ɗaya ta zauna a fadar, ɗaya a kai ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.